Katin da Zai Kai Mama Belém

Kafin ku ma ku ce na cika taurin kai, ku tsaya ku ji ta bakina, don a shekarar nan babu wanda bai kira ni da sunan nan ba, tun daga Goggo har matar da muke aiki tare. Sunana Tainara. Da rana ina tsaye a bayan kanta a wani kantin magani a nan Curitiba, da yamma kuma ina ajin koyon aikin jinya a wata jami'ar kuɗi wadda ba ta taɓa mance ranar karɓar kuɗin wata ba. Albashina da ɗinkin Mama ake haɗawa a biya. Baba ya rasu ina sakandare, ya bar mu a garin sanyin da aiki ya kawo shi, alhali mu mutanen Belém ne, can arewa, inda ko ruwan sama ake yi sai ka yi gumi.

Ranar da aka ɗauke ni a jami'a na shigo gida da ihu, ina jiran Mama ta tashi mu yi rawa. Ba ta tashi ba. Ta sauke ƙafarta daga kan keken ɗinki ta ce, "To, Allah Ya yi nasa, saura ni." Ashe ta yi wa Uwa Maryamu alkawari ban sani ba: in dai na shiga jami'a, za ta je Belém ranar babban zagayen coci na watan Oktoba, ta bi taron ba takalmi, da littafina a kanta. Haka mutanenmu ke yi. Wanda ya samu gida ya ɗora ɗan ƙaramin gida na katako a ka, wanda ya tsira daga kogi ya ɗauki ɗan kwalekwale, mai 'ya a jami'a kuma ta ɗauki littafi.

Na shiga shekara ta biyu alkawarin yana nan inda yake. Mota kwana da kwanaki take yi a hanya, in gwiwoyin Mama suka sha wannan zaman ba za su iya zagayen ba. Jirgi kuwa, duk abin da muka tara makaranta ke lashewa. Don haka kowane Oktoba sai Mama ta ɗora tukunyar niƙaƙƙen ganyen rogo, ta yi mako guda tana dahuwa har dafin ya fita, ƙamshin ya cika benen namu, maƙwabta suna toshe hanci suna kuma miƙo kwano. Ranar zagayen ta zauna gaban talabijin da waya a kunne, ita da Kaka suna kallo tare, ɗaya a kudu ɗaya a arewa. A bara na ji muryar Kaka ta fito daga wayar: "Iraci, ki zo in gan ki tun idon nan yana ɗan gani." Mama ta ce, "Ina nan tafe, Inna," ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Na ji.

A nan Anselmo ya shigo maganar. Shi ne mutumin da ke zuwa kantinmu sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa, har na lura maganin wata ɗaya yake rabawa gida uku don ya samu dalilin dawowa. Dogo ne, jikan mutanen Poland, mai kunnuwan da ke yin ja da zarar an kalle shi. Kayan gyaran injinan noma yake sayarwa, kullum yana sama a jirgi. Ina son sa? Ku bar ni da wannan tambayar, ni ma a lokacin ita nake juyawa. Na dai san in na hango shi zai shigo, nakan gyara gashina a gilashin kabad ɗin magani.

Shi ya fara gaya min cewa tafiye-tafiyensa na hutu ba da kuɗi yake yin su ba. Akwai katin bashi na banki wanda duk abin da ka saya da shi sai a ba ka maki, makin kuma in ya taru a mayar da shi tikitin jirgi. Na tsaya sororo da kwalin magani a hannu. Kuɗin makarantar da nake zubawa kowane wata, ashe da ta kati yake bi, da tuni ya fara share wa Mama hanya.

Ranar Lahadi bayan mun ci abinci na baza takardun tallan katuna uku a kan tebur. Anselmo na nan cikin rigar sanyi ruwan toka da ta sha guga, leɓensa a mace saboda ganyen miyar Mama mai sa baki ya yi zuuu, amma ya ƙi cewa ya ƙoshi. Goggo Zuleide ma na nan. Yayar Baba ce, turare take sayarwa gida-gida, kuma tun rasuwarsa ta naɗa kanta shugabar gidanmu. Ta zo da kwat ɗinta mai zanen damisa da jan farce zaƙo-zaƙo.

"Na farko ba a biyan komai don riƙe shi," na ce, "amma 'yan canji yake mayarwa, ba maki ba. Na biyu yana ba da maki sosai, sai dai sun ce albashina bai kai ba. Na uku na ɗalibai ne, makinsa kaɗan-kaɗan, akwai ɗan kuɗin shekara, amma makin ba ya mutuwa da wuri."

"Ni fa kati tsoro yake ba ni," in ji Mama. "Matar hawa na biyu, kati ya cinye mata har firji."

"Don ba ta biya duka a ƙarshen wata ba ne, Dona Iraci," Anselmo ya ce wa Mama a hankali, da Dona ɗin da ake girmama manyan mata da shi a wurinmu. "In aka bar ko kaɗan ya tsallaka, ruwan da ke hawa kansa ba shi da imani. Amma Tainara kuɗinta na hannu, ta kati kawai zai bi ya wuce. A dai tambayi makarantar ko suna ƙara wani abu in an biya da kati."

"Na tambaya. Ba sa ƙarawa in aka biya kafin ranar."

Goggo ta sa farce ta tattare takardun nan uku ta tura gefe. "Ku dai kuna son wahala. Kai, ɗan nan, fito da naka mu gani."

Nan take kunnuwansa suka yi ja. Ya zaro wani baƙin kati mai nauyi, Goggo ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi a jikin kofi, ya ce ƙal.

"Kun ji? Ƙarfe ne! Wannan makin nawa yake bayarwa?"

"Kusan ninki uku na na ɗalibai."

"To zaman me ake yi? Ta dinga ba ka kuɗin makaranta, kai ka biya da naka, kafin Ista Iraci ta samu tikiti har da na 'yar rakiya. Ni ce 'yar rakiyar, kada wani ya sa rai."

"In Tainara tana so, ni ba damuwa," ya ce yana kallon faranti.

Ba sai na gaya muku ba, a wurinmu mutum ba ya ara wa kowa katinsa sai wanda ya ɗauka nasa. Sunansa ne ya ba ka, in ka ɓata shi ya ɓaci a kowane shago na ƙasar nan. Goggo ta san haka sarai, shi ya sa take murmushi. Ni kuma na hango abin da zai biyo baya: Mama ta je ta dawo a kan makinsa, Kaka ta sa masa albarka ta waya, sannan wata rana ya durƙusa ya tambaye ni. Da wane baki zan ce a'a? In kuma na ce e, ta yaya zan san ni ce na faɗa, ba tikitin ba?

"Na ɗaliban zan ɗauka," na ce.

Ina kwashe kwanuka Goggo ta biyo ni kicin ta turo ƙofa.

"Ke wace irin yarinya ce? Namiji ya miƙo miki sunansa a faranti, kina wani noƙewa? A shekarunki ni har na yaye na biyu."

"Goggo, karatu fa nake yi."

"Karatun ya hana mutum ganin alherinsa ne? Ki dube shi, ba ya sha, ba ya caca, uwarsa yake saya wa magani. Irin su ba sa kai Kirsimeti a kasuwa. Uwarki gwiwa na tafiya, kakarki ido na tafiya, ke kina nan za ki tara maki da cokalin shayi."

Wannan ta ƙarshen ta same ni, ba zan ɓoye muku ba. Na wanke kwanukan ina haɗiye kuka. Da na raka Anselmo bakin ƙofa na ɗauka ya ji haushi, sai ya ce, "Kin zaɓi mai kyau. Ki dai sa ƙararrawa a waya saboda ranar biya." Kafin ya kai mota saƙonsa ya shigo: *Miyar ta yi daɗi. Har yanzu ban san inda leɓena yake ba.*

Katin ya zo, shuɗi, na roba, da sunana a jiki. Daga ranar na zama wata iri. Kuɗin makaranta ta kati, cefane ta kati, zaren Mama da maɓallai ta kati, ko burodi zan saya sai na miƙa shi. Duk abin da na kashe a ranar nake mayarwa, ban taɓa bari ya taru ba. Mama ta koyi tambaya, "Yau mun kai ina?" Ni kuma in buɗe manhaja in auna makin da hanyar Belém in ce mun wuce São Paulo, bayan 'yan watanni in ce muna saman Brasília. Ta dinga dariya tana cewa in gaishe mata da mutanen can.

Kuskurena ɗaya ne, irin na 'yar Belém da ta girma a kudu. Farashin da na sa a gaba na watan Fabrairu ne, lokacin da ba mai zuwa ko'ina. Na mance cewa a Oktoba duk wani ɗan garinmu da ke duniya gida yake nufa, kowa da alkawarinsa a ka. Da makin ya cika a ƙarshen Agusta na shiga in saya, sai na tarar tikitin ya ninka. Abin da na tara na zuwa ne kawai, babu dawowa.

"To a kai ni mana," Mama ta ce don ta ba ni dariya. "Dawowa sai in biyo ƙafa, dama ai ba takalmi zan yi." Ta juya ga kekenta. "Baɗi ma yana nan, 'yar nan." Amma ina kallo ta ɗinke hannun riga a wuya, ta zauna tana farkewa.

Goggo kuwa saƙon murya ta turo: *Na faɗa ko ban faɗa ba? Baƙin katin yana nan, bai mutu ba.* Na saurara na kife wayar.

Anselmo ya zo kanti ranar Talata, kuma ba ranar magani ba ce. Ya jira layi ya ƙare sannan ya nuna min wayarsa. Kamfanin jirgin ne ya yi garaɓasa: duk wanda ya tura makinsa daga banki zuwa wurinsu kafin Juma'a za a ninka masa. Murna ta kama ni. Sai ya sa yatsa a kan ƙananan rubutun ƙasa. Akwai adadin da sai ka kai shi za a ninka, nawa kuma ya gaza da kaɗan, ga shi kuɗin makaranta na gaba sai garaɓasar ta wuce.

"Kada ka ce min baƙin kati," na ce.

"Ban ma zo da shi ba." Ya shafa kunne. "Aro na zo nema. Ki ara min naki."

"Nawa? Ɗan shuɗin nan?"

"Akwai abin da na daɗe ina son saya. Zan turo miki kuɗin yanzu, ki zuba a katin tun kafin in taɓa shi, kada ki ɗauki nauyin kowa. Ni in samu kayana, ke ki samu maki. Ni ne mai aro, ke ce mai suna. In ma akwai godiya, ni zan yi ta."

"Mene ne abin?"

"Zan nuna miki in lokaci ya yi." Kunnuwan nan sun yi jawur.

Na ɗauka injin wanki ne na mahaifiyarsa, don ta daɗe tana ƙorafin nata. Na juya maganar ta kowane gefe ban ga inda ta ɗaure ni ba. Na zaro katin daga bayan wayata na ba shi, ya karɓa da hannu biyu.

Laraba ce ranar hutuna. Da hantsi muna kicin ni da Mama muna gyaran wake, sai ga Goggo da jakar sababbin turaruka. Ta karɓi wayata wai za ta ɗauki hoton kwalaben, don kyamarar tata ta dushe. Wayar ta yi ƙara a hannunta. Na ga ta matsar da ita nesa da ido, ta dawo da ita kusa, sannan ta ƙwalla ihun da ya sa karen maƙwabta haushi.

"Iraci! Iraci, zauna! A'a, tashi!"

"Lafiya, Zuleide?"

"Saƙon banki ne! Ku ji: an yi sayayya da katinki a Gidan Zoben Aure. Gidan Zoben Aure, Iraci!"

Bawan Allah, shi da ya san kan kati fiye da kowa, ya mance cewa saƙo wayar mai kati yake zuwa.

Goggo ta shiga rawa da kwalbar turare a kowane hannu, tana zaɓen waɗanda za a gayyata da waɗanda za a bari su ji a gari. Ni kuwa na ajiye waken. Abin da na shekara ina gudu ya zagayo ta ƙofar baya ya same ni. Makin da zai cika tikitin Mama na zobe ne. In na ce a'a ya mayar wa masu shago kayansu, banki zai janye makinsa.

Mama ta tashi ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Zuleide, ɗan ba mu wuri." Ban taɓa jin ta sallami Goggo ba. Ita ma Goggon mamaki ya sa ta fita falo ba musu.

Mama ta kama fuskata da hannuwanta masu sanyin ruwa. "Ki saurare ni da kyau. Ni na yi alkawarin nan, ba ke ba. Na yi shi ne don ki yi karatu ki tsaya da ƙafarki, ba don ki biya min jirgi da kanki ba. In ba kya son yaron nan, ki gaya masa yau ya mayar da kayansa. Uwa Maryamu uwa ce, za ta jira ni."

"Kaka fa?"

Idonta ya kawo ruwa. "Inna ta san muryata."

Na shiga ɗaki na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Anselmo, injin wankin ya yi kyau?"

"Wane inji..." Sai ya gane. "Wayyo Allah. Saƙon."

"Goggo ce ta karanta. Da ƙarfi."

"Wayyo Allah na."

Na rantse ina jin jan kunnuwansa ta cikin waya. Amma ni ba dariya ta kawo ni ba. Na gaya masa komai, tun daga ranar baƙin kati, da tsoron da nake yi kada in amsa masa saboda tikiti, da abin da Mama ta faɗa yanzu a kicin.

"Tainara," ya ce, "ban tambaye ki komai ba tukuna, kuma ba zan tambaya ba sai Dona Iraci ta je ta dawo. Zobban nan ba za su koma shago ba, ko me kika ce. In kin ce a'a zan sa a narkar da su a yi wa mahaifiyata 'yan kunne, ta daɗe tana so. Tun Mayu nake zagaya shagon nan ina kasa shiga. Da na ga garaɓasar sai na ce, tunda dai saya zan yi, gara sayen ya kai wata gida wurin uwarta. Makin naki ne, ba igiya a jikinsa. Wautata ɗaya ce, saƙon."

Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Ya tsaya a kan layi yana jira, bai ce in yi shiru ba.

Makin ya shiga ranar Alhamis, na tura, aka ninka. Na saya wa Mama zuwa da dawowa, kujerar taga. Da muka kira Kaka muka gaya mata, ba ta ko amsa mu ba, sai muka ji tana ƙwala wa 'yan gidan kira, "A nemo agwagwa a fara kiwo! Iraci na zuwa!" Ta mance muna kan layi, muka daɗe muna sauraron ta tana ba da umarni.

Yau da na dawo daga kanti na tarar da Mama a ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, ba takalmi a sanyin nan, da littafina na sassan jikin ɗan Adam a kanta, wanda ya fi duk littattafaina nauyi. Na ce ta ɗauki ƙarami mana, ta ce ai ba ƙaramin abu aka yi mata ba. Tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a bango, tana gwaji.

"Mama, sa min albarka."

"Allah Ya yi miki albarka." Ta juyo a hankali don kada littafin ya zame. "Kin san in na sauke wannan a ƙofar coci, kaina ya zama ba kaya. Zan iya ɗauko sabon alkawari. Me zan roƙa miki?"

Kafin in buɗe baki wayata ta yi ƙara. Anselmo ne. *Mai zinare yana tambaya wane suna zai zana a cikin zoben. Na ce ya jira, ba gaggawa. Katinki yana wurina, yaushe zan kawo?*

Ban ba shi amsa ba, har yanzu da nake rubuta muku ban ba shi ba. Na dai tsaya riƙe da waya, ashe idona yana kan hannuna na dama, kan yatsan da ake sa wa zoben alkawari, ina murza shi ban sani ba. Mama ta bi idona da kallo. Dariya ta kama ta har littafin ya zame, ta cafe shi a ƙirji.

"Na ji," ta ce. Ta mayar da shi kanta ta ci gaba da tafiya.